Wai ina Yahudawan farko da suka bi Annabi Isa (AS) suka shige ne?

Sagiru_04

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana min yawo a kai, na ce bari dai in kawo ta nan ko Allah zai sa a dace da mai sani. Kowa ya yarda, Musulmi da Kirista, cewa Annabi Isa (AS) ɗan Bani Isra'ila ne, mahaifiyarsa haka, Hawariyawa ma duk Yahudawa ne masu kaciya masu kiyaye Asabar, ba sa cin alade, suna shiga Baitul Muƙaddas ibada kamar kowa. To wai ina waɗannan mutanen suka shige? Don in ka duba shekara ɗari uku kacal bayan nan, lokacin taron Nikiya na 325, addinin ya riga ya koma hannun Girkawa da Romawa, da Girkanci ake ta muhawara, ba ka jin ɗuriyar masu Asabar ɗin nan ko kaɗan.

Ni dai magana biyu nake ji. Wasu masu wa'azi su ce ai Bulus da Romawa ne suka haɗa baki aka gama da su aka ƙone littattafansu, ragowar suka gudu ƙasar Larabawa, har ma a ce Waraƙa bin Naufal cikinsu yake. Wasu kuma su ce a'a babu wanda ya ɓace, narkewa kawai suka yi cikin coci, waɗanda suka ƙi kuma 'yan bidi'a ne da suka ɓullo daga baya. Kowa na faɗa da ƙarfin gwiwa kamar a gabansa aka yi.

Abin da nake so shi ne a gaya min wane littafi ne ya faɗa, wa ya rubuta shi, kuma shekara nawa ke tsakaninsa da abin da yake ba da labari. Dan Allah ban da zagi da gori, ilimi nake nema.

Almajirin_Tarihi

Wa alaikumus salam Malam Sagiru. Tun kafin in fara bari in nuna maka inda gizo ke saƙar: kusan duk abin da aka sani game da mutanen nan daga bakin abokan hamayyarsu aka ji shi. Babu wani cikakken littafi da za ka ɗauka ka ce ga shi su suka rubuta da hannunsu suna bayyana aƙidarsu, sai 'yan guntaye da manyan coci suka tsakuro don su yi musu raddi. Kamar ka je wajen uwargida ne kana tambayar halin amarya, labari kam za ka samu, amma sai ka tace.

To daga farko. Jama'ar da ke Ƙudus, wanda ya riƙe ta shi ne Yakubu, wanda Bulus da kansa ya kira ɗan'uwan Ubangiji a wasiƙarsa ga Galatiyawa. A cikin wasiƙar nan ma za ka ga rigimar tun tana da ɗuminta, sbd Bulus ya ce a Antakiya Bitrus yana cin abinci tare da waɗanda ba Yahudawa ba, da wasu mutane suka zo daga wajen Yakubu sai ya janye jiki, Bulus kuma ya tsare shi gaban jama'a ya faɗa masa. Wajen shekara ta 50 da 'yan kai aka rubuta wannan, kuma wanda aka yi abin da shi ne ke magana, duk da dai ɓangarensa kaɗai muke ji, babu amsar Bitrus.

Mutuwar Yakubu ita ce abu mafi ƙarfi da muke da shi, don ba Kirista ne ya ruwaito ba, Josefus ne, Bayahuden marubucin tarihi da ya rayu a zamanin. Ya ce a shekara ta 62 gwamnan Romawa Festus ya mutu, sabon gwamna Albinus na kan hanya bai iso ba, sai babban firist Ananus ya ga ya samu dama ya tara majalisa, aka kawo Yakubu da wasu aka ce sun karya doka, aka yanke a jefe su. Abin lura a nan, Josefus ya ce mutanen garin da suka fi tsantseni wajen bin Attaura su ne suka fusata, suka kai ƙara, wata uku kacal Ananus ya yi aka tuɓe shi. Ka ga kenan a 62 shugaban mabiya Isa mutum ne da malaman Attaura ke jin haushin kashe shi. Ba Romawa suka kashe shi ba, ba kuma Bulus ba.

Akwai wata ruwayar ta Hejesifus, Kirista na ƙarni na biyu, wadda ta fi daɗin ji: wai gwiwoyin Yakubu sun yi kanta kamar na raƙumi sbd yawan durƙuso, aka jefo shi daga saman Haikali, wato babban ɗakin ibadar Yahudawa a Ƙudus, bai mutu ba, aka jefe shi, wani mai wanki ya ƙarasa shi da kulkin bugun kaya, kuma nan take Fasfasiyan na Rum ya kewaye garin. Amma in ka auna da lissafin Josefus akwai shekaru tsakani. Kuma littafin Hejesifus ɗin shi kansa ya ɓace, abin da Yusebiyus ya kwafo daga ciki a farkon ƙarni na huɗu shi ne ya rage mana. Ka riƙe sunan Yusebiyus ɗin nan, bishof ne na Kaisariya, rabin labarin duk ta hannunsa ya biyo.

Sai yaƙi. Yahudawa suka yi wa Rum bore a 66, Titus kwamandan Romawa ya rusa Haikali a 70. Yusebiyus ya ce kafin a kewaye garin an yi wa jama'ar ikilisiya wahayi su fita, suka tsallaka Kogin Urdun zuwa wani gari Fella. Wannan ne labarin da kowa ke maimaitawa, amma shekara kusan 250 ke tsakanin abin da mai ba da labarin, kuma Josefus ya lissafa Fella cikin garuruwan da 'yan boren Yahudawa suka kai wa hari a 66, to ta yaya ayarin Yahudawa zai je ya fake a garin Girkawa da 'yan uwansu suka gama ɓarnatawa? Shi ya sa masana irin su Brandon da Ludeman suka ce labarin ƙirƙira ne, wataƙila Kiristocin Fella na baya ne suka so su jingina asalinsu da Ƙudus. Wasu masanan kuma suka kare shi. Ni a ganina wasu sun fita ɗin, don ko ba wahayi mai hankali zai bar garin da yaƙi ke tunkarowa, amma cewa duka jama'a ta tashi lokaci guda, wannan ado ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne dangin Annabi Isa sun ci gaba da riƙe shugabanci bayan 70. Wanda ya gaji Yakubu shi ne Saminu ɗan Kilofas, Hejesifus ya ce Kilofas ɗin ɗan'uwan Yusufu ne, kuma an gicciye Saminun zamanin sarki Tarajan. Sannan ga labarin jikokin Yahuza su biyu da aka kai gaban sarki Domitiyan don an ce zuriyar Dawuda ne. Ya tambaye su dukiyarsu, suka ce 'yar gona ce da kuɗinta bai wuce dinari 9,000 ba su biyun, da ita suke ci da ita suke biyan haraji, suka miƙa masa tafin hannunsu ya ga yadda noma ya sa suka yi kaushi da kanta. Ya tambaye su mulkin Almasihu suka ce ba na duniya ba ne, sai ranar ƙarshe. Ya ga ba su isa a kashe ba ya ce su tafi.

Inda aka yanke igiyar shi ne boren Bar Kokba, 132 zuwa 135. Shi Bar Kokba an ɗauke shi Almasihu, su kuma suna da nasu, don haka ba za su bi shi ba, Jastin, marubucin Kirista wanda ya rayu a lokacin, ya ce ya sa an azabtar da Kiristocin da suka ƙi musun Yesu. Da Romawa suka ci yaƙin sarki Hadiriyan ya mai da Ƙudus birnin Romawa mai suna Iliya Kafitolina, ya hana duk Bayahude shiga. Soja ba ya tambayarka ko ka yi imani da Isa, Bayahude dai Bayahude ne. Yusebiyus ya jero bishof 15 na Ƙudus duk masu kaciya daga Yakubu zuwa wannan lokacin (shi da kansa ya ce bai samu shekarunsu a rubuce ba, kuma 13 bayan Yakubu da Saminu cikin abin da bai kai shekara 30 ba akwai alamar tambaya), daga nan sai Markus, na farko da ba Bayahude ba. Gaba kura baya sayaki kenan, kuma cibiyar da kowa ke girmamawa ta fita daga hannunsu.

Saratu_Y

Sannu da ƙoƙari Malam, ka yi adalci gaskiya. Ni Kirista ce, bari in sa baki kan maganar da ɗan'uwa Sagiru ya ce yana ji wai Bulus ne ya gama da su. Bulus fa ya mutu tun kafin a rusa Haikali, kuma shekarunsa na ƙarshe kafin a kama shi yawon tara gudummawa yake daga ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya yana kai wa matalautan Urushalima wato Ƙudus, yana cikin Romawa sura 15. A Ayyukan Manzanni 15 an zauna an yanke cewa Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, ba sai sun yi kaciya ba, amma babu inda aka ce Bayahude ya daina tasa. Sura 21 ma dattawan Urushalima na gaya wa Bulus dubban Yahudawa sun ba da gaskiya kuma dukansu masu himma ne ga Shari'a. Sannan ba duka ne suka ƙi Bulus ba, Jerom malamin coci ya kawo fassarar Nazarawa, wato wasu Yahudawa masu bin Almasihu suna kuma riƙe da Shari'a, kan littafin Ishaya inda suke yabon wa'azinsa cikin Al'ummai.

Amma kuma ba zan ɓoye ba, ikilisiya ta matsa musu, kuma in ka bi shekaru za ka ga yadda ƙofar ta riƙa rufuwa a hankali. Jastin wajen 160 an tambaye shi Bayahuden da ya gaskata da Almasihu yana kuma kiyaye Asabar da kaciya zai tsira? Ya ce a ganinsa zai tsira muddin bai tilasta wa wasu ba, amma ya ƙara da cewa akwai Kiristocin da ko magana ba sa yi da irin waɗannan balle cin abinci. Shekara 200 bayan nan taron Lawudikiya ya kafa doka cewa Kirista kada ya huta ran Asabar, ya yi aiki. A 386 da 387 Yohanna Kirisostom ya yi wa'azi takwas a Antakiya yana faɗa da 'yan cocinsa masu zuwa majami'ar Yahudawa lokacin idi da azumi, wa'azin da wlh karanta shi ba daɗi. Sai Jerom ya rubuta wa Agustin wajen 404 cewa Nazarawa suna so su zama Yahudawa su kuma zama Kiristoci, sun tashi ba su ga ko ɗaya ba.

Ni abin da na ɗauka, yawancinsu ba kashe su aka yi ba. Yaro ya taso a gari inda coci ta cika da Girkawa, ya auri 'yar cikinsu, jikansa ba a yi masa kaciya ba, shi kenan an wuce wurin, kuma babu marubucin da zai zauna ya rubuta irin wannan don ba labari ba ne. Wasu kuma ta ɗaya ƙofar suka fita suka koma majami'a.

Gambo77

Duk wannan dogon turancin na mene ne, ai Linjilar Barnaba ta gama magana. Ita ce ta asali da mutanen nan ke karantawa aka ɓoye ta, a ciki Annabi Isa ya ambaci Manzon Allah (SAW) da suna, kuma ya ce shi ba Allah ba ne. Ebiyonawa, wani reshe na Yahudawan da suka bi shi, ai tauhidi suke yi sak irin namu shi ya sa aka ƙi su. Kuma Waraƙa fa? Ba a Bukhari aka ce yana rubuta Linjila da Ibrananci ba? Su waye ke da Linjila ta Ibrananci in ba su ba? Anti Saratu ki yi haƙuri amma gaskiya ɗaya ce.

Almajirin_Tarihi

Malam Gambo a yi haƙuri da dogon turanci, Sagiru ne ya ce a kawo masa wa ya faɗa da yaushe, to Barnaba ma sai mu yi mata wannan tambayar. Kwafi biyu ake da su, na Italiyanci da ke ɗakin karatu a Biyana wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 16, da na Sifaniyanci. Babu na Girkanci, babu na Ibrananci ko Suryani, kuma malaman Musulunci da suka yi raddi ga Nasara tun da, irin su Ibn Hazm da Ibn Taimiyya, ba wanda ya kafa hujja da ita, alhali da tana nan ai da ita za su fara. Ta shigo hannun Musulmi sosai ne bayan fassarar Ingilishi ta 1907 da ta Larabci da Rashid Rida ya buga a 1908. A cikinta an ce shekarar jubili duk shekara 100 take zuwa, a Attaura kuwa 50 ce, Fafaroma Bonifas na takwas ne ya sa ta 100 a shekara ta 1300. An ce an shiga jirgin ruwa an sauka Nazarat, garin da ke kan tudu ba ruwa kusa. Babbar matsalar ma gare mu, a ciki Isa yana cewa shi ba shi ne Almasihu ba, Alƙur'ani kuwa Almasihu Isa ɗan Maryam yake kiransa. Ba ta cikin abin da mutanen nan suka karanta.

Abin da suka karanta ɗin ga yadda ya iso mana. Ireniyus bishof ɗin Liyon, wajen 180, shi ya fara ambaton Ebiyonawa. Ya ce Bisharar Matiyu kaɗai suke amfani da ita, suna ƙin Bulus suna ce masa wanda ya yi ridda daga Attaura, suna kaciya, suna girmama Ƙudus a matsayin ɗakin Allah. 'Yan layuka ne kawai. Waɗanda suka biyo baya yawanci shi suka kwafa suna ƙara gishiri, har Tartuliyan, wani marubucin coci, ya samo musu wani shugaba wai shi Ebiyon, alhali babu wannan mutumin, sunan daga kalmar matalauta yake a Ibrananci, Orijin malamin coci ya san haka, sai dai shi ma ya juya ta ya ce ai talaucin fahimta ne da su. Orijin ne kuma ya ce kashi biyu ne, masu yarda budurwa ce ta haifi Isa da masu cewa ɗan Yusufu ne.

To a nan ne maganarka ta sak irin namu ta samu matsala. Eh sun ce mutum ne ba Allah ba, nan an haɗu. Amma kashi ɗaya sun ce yana da uba, Musulmi kuwa in ya faɗi haka ya fita. Kuma ba a ruwaito sun musa gicciye ba, Yusebiyus ya ce bayan Asabar suna kiyaye Lahadi ma don tunawa da tashinsa. Wanda Ireniyus ya ce yana koyar da cewa Saminu Bakurane aka gicciye a madadin Isa shi ne Basilides na Iskandariya, kuma shi ba ruwansa da Attaura. A Bisharar Ibraniyawa, wadda ake jingina wa Yahudawa mabiya Isa, akwai inda Isa ke cewa uwarsa Ruhu Mai Tsarki ta ɗauke shi da gashin kansa guda ta kai shi Dutsen Tabor, wannan ba Musulmi ba Kiristan yau ba wanda zai karanta a mumbari.

Wanda ya fi kowa zuba bayani shi ne Efifaniyus bishof ɗin Salamis a Kubrus, wajen 375, a littafinsa da ya tara ƙungiyoyi 80 da ya kira bidi'a, Nazarawa na 29 Ebiyonawa na 30. Ɗan Falasɗinu ne don haka ya san ƙasar, ya ce ana samunsu a Biriya wato Halab ta yau, da yankin Fella, da Kokaba a Bashan. Ya ce Ebiyonawa ba sa cin nama, suna wankan tsarki kullum, jibin Ubangiji da gurasa marar yisti da ruwa zalla suke yi, suna ƙin hadayar dabba, a bishararsu Isa na cewa ya zo ne ya kawar da hadayu, har abincin Yahaya sun cire fara sun bar zuma. Guntayen da ya kawo daga bisharar ba su kai goma ba, kuma iyakar abin da ya rage kenan. Ya kawo har gulmar da suke yi wa Bulus, wai Bahelene ne ya shiga Yahudanci don yana son 'yar firist, da aka hana shi ya fusata ya juya wa kaciya da Asabar baya. Amma mutumin nan yana cakuɗa abubuwa, duk littafin da ya ji ƙamshin Yahudanci a ciki sai ya jibga wa Ebiyonawa, kuma kan Nazarawa da bakinsa ya ce ba zai iya faɗin ko sun yarda da haihuwar budurwa ba. Wanda ya zauna da mutane ai ba zai rasa wannan ba.

Mafi kusa da muryarsu shi ne wasu littattafai da aka jingina wa Kilemen na Rum, na ƙarni na huɗu ne a Sham amma da tsofaffin kaya a ciki. A can Isa shi ne Annabin gaskiya irin Musa, Yakubu ne shugaban kowa, kuma akwai wani da ba a faɗi sunansa ba sai dai maƙiyi, ya tunkuɗo Yakubu daga matakalar Haikali sannan ya karɓi takarda ya nufi Dimashƙu. Kowa ya gane Bulus ake nufi.

Baban_Hajara

Yara kun yi ƙoƙari, amma duk kun tsaya ɓangaren coci kun manta ɗaya bangon. Malaman Yahudawa ma sun rufe nasu ƙofar. A addu'ar da suke yi sau uku kullum an saka la'ana kan 'yan bidi'a, littafinsu na Talmud ya ce a garin Yabne aka tsara ta zamanin Gamaliyal na biyu, bayan rushewar Haikali. A tsofaffin takardun da aka kwaso daga ma'ajiyar wata majami'a a Alƙahira an samu kwafin da ya ambaci Nazarawa ƙarara, Efifaniyus da Jerom ma duk sun ce ana la'antarsu a majami'u. Ko tun farko sunan na ciki ko daga baya aka ƙara, masana na ja, don takardun Alƙahiran sun zo ɗaruruwan shekaru bayan Yabne. Amma ka yi tunanin mutum a sahu ana la'antarsa ana jira ya ce amin.

Akwai kuma ƙissar Eliyazar ɗan Dama a Tosefta, wani tsohon littafin malaman Yahudawa. Maciji ya sare shi, wani Yakubu mutumin ƙauyen Sama ya zo zai yi masa magani da sunan Yesu, Rabbi Isma'il ya hana. Shi maras lafiyan ya ce bari in kawo maka hujja cewa ya halatta, bai kai ga kawowa ba rai ya yi halinsa, malamin ya ce ya yi sa'a ya tafi bai keta shingen malamai ba. Wannan na nuna maka a ƙauyukan Galili suna zaune tare, an san juna, har ana neman taimakonsu, shi ya sa ma ake hanawa.

Sai gabas, inda sawunsu ya fi nisa. Zamanin Tarajan wajen 116 wani littafin wahayi ya fito da sunan Elkasai, mabiyansa na kaciya da Asabar, suna fuskantar Ƙudus in za su yi addu'a, suna yawan wanka a ruwa mai gudu, suna ƙin Bulus. An daɗe ana ɗauka ƙaramar ƙungiya ce, sai wajen 1970 aka karanta wani ɗan mitsitsin littafin Girkanci da ke Kolon a Jamus, tsawonsa bai kai santimita 5 ba, aka ga ashe Mani, wanda aka haifa a 216 ya kafa addinin da ya kai har Sin, cikinsu ya girma a kudancin Iraƙi tun yana ɗan shekara 4 har ya bar su yana 24. Kuma Ibn Nadim a Fihrist, wajen 987, ya ambaci Mugtasila masu wanka a fadamun Iraƙi da shugabansu mai suna kusan irin wannan. To ka ga wani reshe ya kai zamanin Abbasiyawa, sai dai ya canza kama sosai.

Kan batun Gambo, ba shi kaɗai ba ne, manyan Turawa sun faɗi kusa da haka. Shops, Bajamushe, a 1949 ya ce Kiristancin Yahudawa ya ɓace a coci amma ya wanzu a Musulunci. A 1966 Shlomo Fines ya ce ya gano rubutunsu a cikin Tasbitu Dala'ilin Nubuwwa na Alƙali Abdul Jabbar, wanda aka rubuta wajen 995, inda ake ba da labarin sahabban Almasihu da suka ƙi bin Romawa suka gudu da Linjilarsu, kuma a nan ne Alƙalin ya ce ba Rumawa ne suka zama Nasara ba, Nasara ne suka zama Rumawa. Samuyel Stan ya mai da masa martani cewa Alƙalin ne da kansa ya haɗa hujjarsa daga abin da Musulmi suka sani, kuma har yau ba a rufe wannan muhawarar ba. Faturisha Kuron ma kafin rasuwarta a 2015 ta rubuta tana goyon bayan cewa akwai irinsu a inda Alƙur'ani ya sauka, Sidni Girifit ya ce Kiristocin Suryani na yau da kullum sun isa su bayyana komai.

Waraƙa kuwa, ruwayar Bukhari ɗaya ta ce da Ibrananci yake rubutawa, wata ruwayar a Bukharin dai ta ce da Larabci, kuma ba inda aka faɗi ƙungiyarsa. Shaidu na ƙarshe da suka ambaci Nazarawa da Ebiyonawa a raye na wajen shekara ta 400 ne kuma a Sham, tsakaninsu da Makka ta 610 akwai shekara 200 da tafiya mai nisa, babu rubutu a dutse ko a takarda da ya haɗa su. Yana iya yiwuwa, amma mai cewa tabbas ne ya wuce abin da ke hannunsa. Kuma Gambo, a riƙa sassauta harshe in ana magana da 'yar'uwa.

Sagiru_04

Allah ya saka da alheri Baba, Malam, da Anti Saratu, na ƙaru matuƙa. Tambaya ɗaya ta rage min, shi garin Fella ɗin yana nan har yanzu? Ba a tono wani abu nasu a can ba?

Almajirin_Tarihi

Yana nan, kufai ne a arewacin Jodan kusa da kogin, Ɗabaƙat Fahl ake ce masa, shi ne Fihl ɗin da Musulmi suka gwabza da Rumawa wajen 635. Jami'ar Sidni ta Ostireliya na tono a wurin tun 1979, an samu manyan coci guda uku amma duk na zamanin Rumawan gabas ne, ɗaruruwan shekaru bayan 70. Ba a samu abin da za a nuna a ce na 'yan gudun hijirar Ƙudus ba ne, kuma da wuya a samu, don gidan Bayahuden da ya bi Isa a ƙarni na farko ba shi da alamar da za ta raba shi da na maƙwabcinsa, lokacin ko gicciye ba a fara zanawa a bango ba.